Kawu da Kadarkonsa na Kirya

Tun daga ranar da muka kai Kawu makwancinsa har zuwa sadakar uku, tabarmin ƙofar gidanmu na Kabara ba su huta ba. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" mu amsa, a shafa fatiha. Kowa ya tuna mana cewa na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, mu ma kuma mun sani. Abin da ya zauna mini a rai shi ne ɗan abin da kowa yake ƙarawa bayan an shafa.

Limamin unguwarmu sa'an Kawu ne, tare suka tashi. Da ya gama addu'a sai ya ce, "Ni dai na rasa abokin faɗa. Kullum aka idar da sallar asuba sai ya tare ni a bakin masallaci ya ce na cika jan sura, wai ƙafar mai aikin tsaye ba irin ta malami ba ce." Mutane suka fara murmushi. Shi ma ya so ya yi, amma bakinsa ya ƙi, sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska.

Wasu tsofaffin maƙera suka zo daga wajen Ƙofar Wambai. Su ne suke ƙera masa gatari da gizago tun yana saurayi. Babbansu ya ce, "A duk birnin nan ba wanda ya kai shi cinye mana ƙarfe. Yau ka ba shi gatari, jibi ya dawo maka da shi baki a dakushe, yana faɗa wai aikinka ne bai yi ba. Alhali icen da yake sara ne ba ya jin magana."

Wata tsohuwa kuma ta zo da sanda, ba wanda ya gane ta. Ta shiga cikin gida ta zauna gaban Iya, matar Kawu, ta yi ta kuka kamar 'yar'uwa. Da aka lallashe ta sai ta ce a Yakasai take, da daɗewa mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, dakau take yi tana ciyar da su, sai turminta ya tsage. Tana zaune tana tunanin yadda za ta yi, sai ga ɗan dako ya sauke mata sabon turmi a tsakar gida, ya ce wani masassaƙi ne ya aiko. Ta daɗe kafin ta gano ko wane ne. "Har yau yana nan," in ji ta. "A waje yake kwana, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ko tsaga bai yi ba. Jikata ce take daka a cikinsa yanzu." Iya ta ce wallahi ita ba ta taɓa jin wannan zance ba.

Kansilan mazaɓarmu ma ya zo da mutanensa. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, muka ce amin, ba wanda ya gaya masa baƙar magana. Amma an ce da labarin zuwansa ya shiga cikin gida, Inna, mahaifiyata, juya fuskarta ta yi ga bango har ya tafi.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba a kwanakin nan, shi ne Kawu Ƙarami, ƙanin marigayin. Yana zaune a ƙarshen tabarma, in an miƙa masa hannu ya miƙa, in an yi masa magana ya gyaɗa kai. Abincin da aka kawo masa haka ake mayar da shi.

Ni ɗan ƙanwar marigayin ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ta dawo da ni gidan yayanta, a nan na girma, a nan aka yi mini aure, daga nan nake fita koyarwa har yau. 'Ya'yana sun fi saninsa a kwance, ana juya shi, ana ba shi kunu da cokali. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi a tsaye, yadda na san shi.

Kawu masassaƙi ne, ya gada wurin mahaifinsa. Yana aikin maɗaci, yana aikin marke, daga baya ya koyi taɓa katakon kudu, amma icensa na zuciya kirya ce. Wanda bai san kirya ba, itace ne mai nauyin tsiya, cikinsa ja-ja ne mai duhu, in ka jefa guntunsa a ruwa nutsewa yake yi. Gara ba ta cin sa, damshi ba ya ruɓar da shi. In ka kafa masa ƙusa ba ka fara huda shi ba, ƙusar ce za ta lanƙwashe ta bar ka da guduma a hannu. Saboda haka duk abin da zai zauna a waje, a ƙarƙashin rana da ruwa, Kawu da kirya yake yin sa: turken dabba, ginshiƙin rumfa, dokin ƙofar zaure, icen da ake gittawa a bakin rijiya, bencin da dattawa suke zama a kai da yamma. Yakan ce, "Abin cikin ɗaki kowane ice ya iya. A waje ake gane ɗan halak."

Yana da wata ɗabi'a da take ba mu kunya in mun raka shi gidan mutane. Kafin ya yi sallama sai ya ƙwanƙwasa ƙyauren zauren da bayan yatsa, ya kasa kunne. In sautin ya yi masa, ya ce, "Madalla." In bai yi masa ba, ko a gaban mai gidan ne sai ya ce, "Wannan gara ta riga ka shiga." Ba ya zama a kujerar roba, ko a wurin ɗaurin aure ne, gara ya tsaya. In an kawo masa sabon gungume, kafin ya sa gizago sai ya ɗan fafe shi ya shinshina. Ya ce kirya ta gaskiya tana da ƙanshi, kuma farin da yake kewaye da jan ba abin yarda ba ne, sai an sassaƙe shi duka an zubar, don shi gara take bi.

Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Harshensa ya fi gizagonsa kaifi. Na tuna wani Alhaji da ya zo yana son bencin ƙofar gida kafin bikin 'yarsa. Kawu ya nuna masa icen yana jingine a inuwa, ya ce bai gama bushewa ba, sai bayan damina.

Alhajin ya ce, "Haba Malam, ai bikin saura kaɗan."

Kawu ya ce, "To a ɗaga bikin."

"Saboda benci?"

"To a zauna a tabarma. Ni dai ba zan yi maka abin da zai tsage ka riƙa zagina kullum ka fito ba."

Alhajin ya tafi da fushi. Bayan damina sai ga shi ya dawo. Bencin yana ƙofar gidansa har yanzu, shi kuwa ya riga Kawu tafiya.

Amma aikin da aka fi sanin Kawu da shi a unguwarmu shi ne kadarko. Tsakanin gidajenmu da masallaci akwai wani kwari da ruwan unguwa yake bi ya gangara kududdufi. Da rani ruwan kwata ne kawai yake malala a ciki, da damina kuwa in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya cika ya riƙa ruri. Gidajen da suke ɓangarenmu 'yan kaɗan ne, kuma in ba ta kwarin ba, ba mu da mafita sai wani siririn lungu mai kwana-kwana da ko mutum biyu ba sa jerawa. A kan kwarin nan Kawu ya gitta manyan gungumen kirya guda biyu, ya jera gajeru a kansu, ya yi masa abin dafawa a gefe. Ni na tashi na tarar da shi, ban taɓa tambayar yadda aka yi ya samu ba. Tsakiyarsa har ta yi santsi tana sheƙi saboda tafin ƙafa.

Sai da na yi aure Inna ta gaya mini. Ta ce kafin a haife ni Kawu da Iya suna da 'ya, 'yar fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. A lokacin azara ɗaya ce a kan kwarin. Wata rana da la'asar aka ɗauke ruwa, yarinyar ta fito za ta bi ƙawayenta, ta taka azarar, ƙafarta ta zame. A bakin kududdufi aka same ta. Inna ta ce Kawu bai yi kuka a gaban kowa ba. Da kaka ta yi ya ɗauki gatarinsa ya tafi dazukan kudancin Kano, ya yi rani guda a can. Ya dawo a bayan babbar mota da gungumen nan, ya rame kamar ba shi ba. A bakin titi aka sauke su, mazan unguwa suka taru da igiyoyi suka jawo su har bakin kwarin suna kabbara. Ta ce, "Kada ka kuskura ka yi masa zancen." Ban taɓa yi ba. Amma daga ranar na gane dalilin da ya sa duk farkon damina yake sauka cikin kwarin, ya ɗaga kai yana duba cikin kadarkon, yana ƙwanƙwasa shi gaɓa-gaɓa.

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, unguwarmu ta cika da murna. Kowane bango hoto, kowane zaure taro. Kawu Ƙarami, wanda yake sayar da katako, ya shiga siyasa da ƙarfinsa, yana cikin waɗanda suka yi wa kansilanmu yawon neman ƙuri'a gida-gida. Alƙawarin da suka fi yi mana shi ne za a cire kadarko a yi kwalbatin siminti mai faɗi, yadda mota za ta iya shigowa har ƙofar gidajenmu.

A zaurenmu suka yi faɗan, ina zaune.

Kawu Ƙarami ya ce, "Yaya, ka duba fa. Shekaranjiya matar maƙwabcinmu tana naƙuda, a bargo aka tallabo ta aka tsallaka da ita. Har yaushe za mu zauna haka? Zamani ya sake."

Kawu ya ce, "Ban ƙi kwalbati ba. A yi shi a gefe. In an gama, ni da hannuna zan cire nawa."

"Ba fili a gefe, ka sani. Nan ne kaɗai bakin hanya."

"To a bar shi."

"Kai dai don kai ka yi shi ne. Ice ne fa, Yaya, ba Alƙur'ani ba."

Kawu ya dube shi ya daɗe. Ni na san abin da yake cikin idon nan, Kawu Ƙarami ma ya sani, don na ga ya sunkuyar da kai. Amma Kawu bai ambaci yarinyar ba. Cewa ya yi, "Kai da kake sayar wa mutane abincin gara, kai ne za ka gaya mini ice?" Kawu Ƙarami ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Daga ranar gaisuwa ce kawai take haɗa su.

Gaskiya ita ce yawancinmu muna bayan Kawu Ƙarami. Ni ma ina so in ga mota a ƙofar gida. Hujjarsa ba ta banza ba ce, matar nan da aka tallabo a bargo da idona na gan ta.

Da rani ya tsaya sai ga ɗan kwangila da leburori. Kawu ya je wurin mai unguwa ya roƙi abu ɗaya: in an ɗaga manyan gungumen a matsar da su ƙasa kaɗan, mutane su riƙa bi kafin a gama aiki. Mai unguwa ya ce ya ji, zai yi magana. Amma da leburorin suka gwada ɗagawa suka ji nauyin, sai aka ce a yanka kawai. Suka kawo zarto. Na farko ya dakushe, na biyu ya karye, suka koma gatari. Kawu yana tsaye a bakin kwarin, hannu a baya. Da suka ratsa gungume na farko, cikinsa ya bayyana ja wur, kamar jiya aka saro shi daga daji, har ƙanshinsa ya taso. Wani lebura ya ce, "Kai, wannan ice ko ƙarfe?" Kawu ya juya ya shiga gida. Guntayen kuwa kafin mako ya zagayo an kwashe su. An ce masu yin gawayi ne suka ɗauka, don ba gawayin da maƙera suke so kamar na kirya.

Aka faɗaɗa kwarin, aka ƙara masa zurfi, aka kafa rodi a gefe biyu, aka zube yashi da tsakuwa. Daga nan aiki ya tsaya. Aka ce sati mai zuwa, aka ce bayan salla. Yara suka kwashe tsakuwar suna wasa, akuyoyi suka mai da tulin yashin wurin kwanciya. Na bi mai unguwa muka je wurin Kansila ba sau ɗaya ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa korarmu ba. Ya ce shi ma nema yake, ɗan kwangilar ya daina zuwa inda za a gan shi, na sama kuma kullum cewa suke a ƙara haƙuri. Na dube shi na ga shi ma ba abin da yake hannunsa.

Kawu Ƙarami ne ya kawo katako daga shagonsa ya gitta a kan ramin, don mutane su samu na zuwa masallaci. Farin katako ne, mara nauyi, irin wanda ake yin silin da shi. Ya ce na ɗan lokaci ne. Kawu ya fito ya dube shi, bai ko ƙwanƙwasa ba. Ya so ya sake yin wani kadarkon, har ya aika a nemo masa kirya. Wanda ya aika ya dawo ya ce dazukan da ya sani sun zama gonaki, manyan itatuwan duk sun tafi a buhunan gawayi, abin da ya rage bai fi kaurin cinya ba. Ko da an samu, ramin ya riga ya fi da faɗi, shi kuma hannunsa ya fara rawa. Ya koma yana zama a bakin zaure, duk yaron da ya ga zai tsallaka sai ya daka masa tsawa ya ce ya bi ta lungu.

Damina ɗaya katakon ya ɗauka da kyar. A ta biyu ya yi baƙi, ya fara lotsawa. Mu duka muna gani, muna ta cewa ya kamata a sake shi.

Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi, aka ɗauke dab da la'asar. Ina makaranta ban dawo ba. Waɗanda suka gani sun ce Kawu ya fito da sandarsa, ya tsaya a bakin ramin kamar mai shawara, sai ya taka. Ya kai tsakiya katakon ya karye. Ya faɗa a kan ƙugunsa, a gefen rodi, cikin ruwa. Mutanen da suka riga suka yi sahu ne suka ji ihun mata suka yanke salla suka fito.

Muka kai shi asibiti. Likita ya nuna mini hoton ƙashin, ya ce ƙugun ne ya karye daga can ciki, sai an yi aiki, amma da shekarunsa da yadda zuciyarsa take ba ya jin zai tashi daga allurar barci. Ya ce mu yi shawara. Wace shawara? Muka dawo da shi gida a bargo, ta lungu. Aka kira mai ɗori, ya shafa, ya girgiza kai, ya ce wurin ba ya ɗaurewa, amma zai gwada. Ya gwada. Ihun da Kawu ya yi a ranar, Iya ta ce ko ranar da aka kawo mata gawar 'yarta ba ta ji irinsa daga bakinsa ba.

Daga nan sai kwanciya. Mutumin da yake juya gungume shi kaɗai ya koma sai mun juya shi. Bayansa ya fara gyambo, muna wankewa muna sa magani, wani yana warkewa wani yana buɗewa. Ina dawowa daga makaranta in zauna kusa da shi, in rasa abin da zan yi masa, sai in riƙa yi masa fifita ko ba zafi. Faɗansa ma ya ragu, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Wata rana Iya ta kawo kunu ya yi tsami, na jira ya yi magana, sai ya shanye ya ce an gode.

Duk ruwan da aka yi, ko yana cikin magagin zazzaɓi, sai ya buɗe ido ya ce, "Yara suna ciki?" Mu ce suna ciki. Ya ce, "A ƙirga su." Sai Iya ta leƙa ta dawo ta ce sun cika, sannan ya rufe ido.

Kawu Ƙarami kullum yana zuwa, amma a zaure yake tsayawa. Ya kawo lemo, ya kawo magani, ya ba ni in shigar. Ya cire ragowar katakon, ya samo wani tsohon ƙyauren ƙarfe ya gitta, mutum ɗai-ɗai yake bi a kai yana lanƙwasawa. Inna ta daina amsa gaisuwarsa. Na yi ta ba ta baki, ta ce in rabu da ita.

Wata safiya Kawu ya ce da ni, "Wancan da yake tari a zaure, ce masa ya shigo."

Ya shigo ya durƙusa a bakin gado. 

Kawu ya ce, "Katakon nan naka, tun ban ɗora ƙafa ta biyu ba na ji ya mutu."

Kawu Ƙarami ya ce, "To Yaya, me ya sa ka taka? Kai da kake korar yara?"

"An ta da iƙama. In na bi ta lungu na rasa raka'a."

Kawu Ƙarami ya kifa kansa a kan katifa. Ya ce, "Ka yafe mini."

Kawu ya ɗaga hannunsa da kyar ya ɗora masa a ƙeya. Ya ce, "Kai ka sa katako, ni na taka. Wanda ya rubuta kuma ya rubuta. Tashi, kana danne mini ƙafa." Ya ɗan huta, sannan ya ƙara da cewa, "Amma ka daina sayar wa mutane farin nan a kan na waje ne."

Wannan ce doguwar maganarsa ta ƙarshe da na ji. Bayan haka ƙirji ya kama, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ya cika da hantsi, a ƙarshen damina, Iya tana riƙe da kansa, Liman yana laƙƙana masa kalmar shahada. An kwana ana ruwa a daren da ya gabata.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka ɗora a makara. Jama'a sun cika filin masallaci a tsallake suna jira, don a nan za a yi masa salla. Muka fito da shi daga zaure, muka iso bakin ramin, sai muka tsaya. Ba wanda ya yi tunanin wannan sai a lokacin. Tun da aka cire kadarko ba a yi rasuwa a ɓangarenmu ba. Ƙyauren ƙarfen ba zai ɗauki mutum huɗu da makara ba. Wani ya ce a bi ta lungu, wani ya ce makara ba za ta juya a kwanar farko ba, sai dai a karkata ta. Muna tsaye da shi a kafaɗa, mutanen tsallake suna kallonmu, muna kallonsu, ruwa yana wucewa a tsakani.

Sai Kawu Ƙarami ya cire takalmansa. Bai naɗe wando ba, bai tuɓe riga ba, ya dafa rodi ya sauka cikin ramin. Ruwan ya kai masa ƙugu, baƙi, da ledoji da duk abin da unguwa ta zubar. Ya ɗaga hannuwansa sama ya ce, "Ku miƙo shi." Wannan ce maganar da na ji daga bakinsa a ranar, ban kuma sake jin wata ba har aka yi sadakar uku.

Na ba wani kafaɗata na bi shi. Babban maƙerin nan ya sauko da tsufansa, maƙwabcinmu ya sauko, wasu daga tsallake suka sauko, muka jeru biyu-biyu. Aka zuro makarar a hankali a kan hannuwanmu. Liman yana daga sama yana cewa, "A hankali, a hankali, ku kula da kansa." Laka tana jan ƙafata, ruwa yana tura ni, ina jin numfashin Kawu Ƙarami a gefena. Da makarar ta zo kaina na tallabe ta, sai na ji ba nauyi. Na san hannuwan nan da suke cikin likkafanin, na san abin da suka ɗaga a duniya, ga shi duka jikin bai kai guntun icen da yake jingine a zaurensa ba. Na miƙa shi ga na gabana, shi ma ya miƙa, har na tsallake suka karɓa.

Muka fito muka ɗauraye abin da zai ɗaurayu a bakin rijiyar masallaci, aka ara mana riguna, muka shiga sahu. Liman ya yi kabbara.

Ya Allah, ga bawanka nan, ka san shi fiye da mu. Ka yafe masa kaifin harshensa, ka haɗa shi da 'yarsa. Shekara da shekaru muna taka aikin hannunsa muna zuwa ɗakinka ƙafarmu a bushe. Ranar da za a gitta siraɗi, ka tsallakar da shi lafiya.